Tsagar da Ta Juya Baya

Ranar Talata ce, kwana huɗu bayan ƙaramar Sallah. Tun asuba gajimare ya sauko daga kan dutse ya kwanta a titunan Lembang, ga wani yayyafi marar zuciya da ba ya jiƙa mutum sai dai ya sa shi tari. Ina tashar acaɓa ina karkaɗa ƙafa, don zama wuri ɗaya bai taɓa karɓata ba, sai wani direban madara ya tsaya ya ce motar Kang Hendi ta shiga rumfar mai gasa masara a kwanar gonakin shayi.

Na isa na tarar da taro. Ba wanda ya mutu. Motar, tsohuwar salun ja da Kang Hendi yake ji da ita kamar 'yar fari, ta kafa hanci a gefen tudu, masara ta watsu a kwalta, wurin duk ƙaurin birki. Shi kuwa yana zaune a kan dutse. Ya ce tun tsakiyar gangaren ya ji yana taka birki motar tana yi masa kunnen uwar shegu. Da giya da birkin hannu ya lallaɓa ta har ya samu tudun da zai jingina ta.

'Yan ƙungiyarsu ta masu tsofaffin salun sun riga ni zuwa. Gugun ne a gaba, ɗan gayun nan da ke shafa wa rubutun tayarsa farin fenti duk Asabar. Shi ya kawo jak, ya cire tayar gaba a gaban kowa. Takalmin birkin da ya bayyana ya siɗe kamar ɓawon rogo. Faifan birkin kuma tsoho ne, ya yi tsatsa, bakinsa ya yi gezar da za ta yanki yatsa.

Gugun ya miƙe yana kaɗe hannu. "Kang, wannan ne sabon kayan da Teh Entin ta saka maka?"

Teh Entin yayata ce, uwa ɗaya uba ɗaya. A garinmu Kang ake ce wa yaya namiji, Teh kuma yaya mace. Sai na ga duk idanu sun juyo kaina.

*

Garejin na mahaifinmu ne. Da ya rasu kowa ya zaci ni zan gada, amma ni ko makaranta a aji biyu na sakandare na gudo, balle in zauna a ƙarƙashin mota wuni guda. Teh Entin ce ta ɗauki sifana. Ta sha baƙar magana kafin mutane su yarda mace za ta iya, kuma a kan birki ta yi suna, abin da ya fi komai daraja a garin da duk hanyar fitarsa gangare ce.

Ina wurin ranar da Kang Hendi ya zo zaɓen kaya, sati guda kafin Sallah. Ya shigo da hoto a waya, yana son takalmin birki irin na motocin tsere da faifai mai huda-huda. Teh Entin ta tambaye shi ina yake zuwa da motar. Ya ce kasuwa, da gidan surukai, da gangaren Subang idan 'yan ƙungiya sun fita yawo.

"To na tsere ba naka ba ne, Kang," in ji ta. "Sai ya yi zafi yake kamawa. Ka fito da sanyin safiya yaro ya gilma, ka taka, ba kowa a gida. Ga ƙara kamar ana yanka akuya."

Mai huda-hudan kuma ta ce kyau ne da shi a hoto, amma a gangarenmu daga bakin ramukan yake fara tsagewa. Ta zaɓa masa takalmi na tsaka-tsaki, wanda ke kamawa da sanyi kuma ya jure zafi, da faifai mai tsaga, mai hanyoyin iska a cikinsa. Ya yi ƙunƙuni, ya yarda. Ta ɗaura da hannunta, ta fita da motar ta yi ta taka birki tana saki har takalmin ya saba da faifan. Kang Hendi bai tsaya ya ga aikin ba, kuma wilinsa rufaffe ne, ba a hango komai ta ciki. Ya karɓi motar ya lallaɓa cikin cunkoson Sallah ya ajiye ta a rumfar ƙungiya, ya hau bas zuwa garin iyayensa.

Wannan ne ya sa maganar ta zauna. Kafin azahar gari ya ɗauka cewa Entin ta karɓi kuɗin sabon kaya ta ɗaura juji. Kafin la'asar mutum uku sun zo sun janye motocinsu, ɗaya ma da igiya aka ja tasa don injin yana buɗe. Aka sa taron ƙungiya ranar Lahadi, a yanke ko za a daina kai mata aiki. In suka janye, sauran gari za su bi.

Na same ta tana wanke sifanun da ba su yi datti ba. Na ce ta fito ta yi magana mana. Ta ce da wane baki? Kwalayen kayan ma ta ba mai tara shara.

"Nandang, ka tafi neman fasinjanka," ta ce. "Kai da ba ka iya zama ka gama kofin shayi."

Gaskiya ta faɗa. Amma akwai abu ɗaya da na taɓa zama na koya. Kakanmu, Aki Sarta, shi masu gonakin shayi ke kira idan aladen daji sun addabe su, kuma shekarun da ya kamata ina aji, ina bayansa a cikin jeji. Bai taɓa koya mini harbi ba. Bin sawu kawai.

*

Rumfar ƙungiya tana bayan gidan awarar Abah Uju, tsohon da ke riƙe musu wurin. Ƙasan wurin jar laka ce da aka daɓe, kuma rufin ya hana ruwa taɓa ta. Na tsuguna inda motar Kang Hendi ta kwana.

Akwai shaidar gindin jak, ƙarami mai kusurwa huɗu, irin wanda ke zuwa da mota, a gefen hagu da gefen dama. Gefe kaɗan, inda babu mota yanzu, ga irin shaidar kuma sau biyu. Wato mota biyu aka ɗaga, kusa da juna. Tsakaninsu akwai zagaye biyu a ƙasa, inda aka kwantar da abu mai nauyi kamar faranti, kuma kusa da su ɗigon farin fenti guda uku, ƙanana kamar kashin tsaka. Sawun tayar motar ta biyu bai taimake ni ba, don motocin ƙungiyar duk uwa ɗaya ta haife su, taya iri ɗaya suke sawa.

Abah Uju ya fito da farantin awara mai zafi da ɗanyen barkono. Tun jiya ake raɗe-raɗin ya yi sabuwar waya, daga ina? Ban ɓoye masa ba, na tambaye shi. Ya yi dariya har ya ƙware, ya ce jikarsa da ke aiki a Bandung ce ta kawo masa, kuma har yau bai san ta inda ake ɗaga kira ba. Shi ma ya yi Sallah a Garut. Makullin rumfa yana ƙarƙashin tukunyar fure, inda kowane ɗan ƙungiya da ƙanensa da abokin ƙanensa suka san yana nan.

"Amma maƙwabta sun ce sun ga Komar a nan washegarin Sallah," ya ce, ya rage murya. "Ni dai ban ce komai ba."

Mang Komar shi ne ɗaya bakaniken layinmu. Shekara da shekaru yana cewa birkin mace sai mace. Idan akwai wanda faɗuwar yayata za ta yi wa rana, shi ne. Na tafi wurinsa, na riga na gama yanke masa hukunci a hanya.

Na same shi a ƙarƙashin wata motar kabeji. Bai fito ba sai da na gama zubo abin da ke bakina. Sannan ya turo kansa waje ya dube ni sama da ƙasa.

"Kai jikan Sarta, kakanka alade yake bi, kai kuma dattawa?" Ya ce ya je rumfar, gaskiya ne, awara ya je nema don baƙi sun cika masa gida, ya tarar a rufe. "Da ni ne, da wannan jak ɗin wasan yara zan ɗaga mota? Ni da nake da babban jak mai taya, na kada, har biyu?"

Motar Kang Hendi a wurinsa aka ajiye ta bayan hatsarin. Ya ja ni ya nuna mini. An ɗaure wani noti har ya kusa tsinkewa, wani kuma da yatsa ake juya shi. An bar tsatsa a mazaunin faifan ba a goge ba.

"Ba na shiri da yayarka," ya ce, "amma wannan ba hannunta ba ne. Ba hannun bakanike ba ne ma. Na faɗa wa Hendi, ya ce ai mu bakanikai bakinmu ɗaya ne idan an taɓa sana'a."

Na ba shi haƙuri. Ya ce in riƙe haƙurina in sayo masa kofi.

*

Saura farin fenti. Matsalar ita ce mutum uku a ƙungiyar suna yi wa tayarsu wannan kwalliya. Faifai mai tsaga kuma mota uku ke da shi. Wanda ya shiga duka lissafin biyu Gugun ne kaɗai, amma shi tun kafin azumi yake cika mana kunne cewa ya yi odar nasa daga Jakarta, suna hanya. Da suka bayyana a motarsa ranar bikin nuna motoci na Sallah ba wanda ya yi mamaki. Na tare shi a gidan mai, na tambaye shi kwalin. Ya ce ya yar, kamar yadda yayata ta yar da nata, ko ita kaɗai aka yarje wa?

Na buga babur na bar wurin. Laraba da Alhamis suka wuce ina zagaya gari kamar kare ya ɓatar da ubangidansa. Garejinmu ba ko keke.

Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci na ga Gugun ya nufi gangare, sai kawai na bi shi a babur, ba don ina da wata dabara ba. Tun kafin rabin hanya na fara jin ƙauri. Ya tsaya a wata rumfar kofi ya shiga. Na faka a bayan motarsa. Yayyafi yana sauka a wilinsa yana cewa cuu, kamar an ɗiga ruwa a kaskon awara, kuma faifan ya fara yin shuɗi-shuɗi. Sabon faifai mai hanyar iska bai kamata ya yi wannan zafin a ɗan gangaren nan ba.

Na tsuguna ina kallon tsagar ta tsakanin ƙafafun wilin. Wani abu ya dame ni ban san mene ne ba. Motar Pak Tisna, shugaban ƙungiya, tana gefe, ita ma da irin faifan, kamfani ɗaya. Na dubi tasa, na dawo na dubi ta Gugun. Duka tayar gaba ta dama. Tsagar Pak Tisna ta kwanta gefe guda, ta Gugun ta kwanta ɗaya gefen.

Aki Sarta yakan ce ganin sawu ba komai ba ne, ko makaho ya taka rami ya san an wuce. Abin tambaya shi ne ina ya sa gaba. Wannan sawun da baya yake tafiya.

Na koma gareji a guje. Teh Entin ta ajiye tsumman hannunta ta saurare ni, karo na farko a satin. Ta ce irin wannan faifan kowane da gefensa, don hanyoyin iskar cikinsa a lanƙwashe suke. In ka sa na hagu a dama ba ya fitar da zafi yadda ya kamata. Sababbi kuwa da takarda manne a jikinsu suke zuwa, da kibiya ƙatuwa, ko ɗan yaye ba zai ɓata ba. Ita ta ɓare na Kang Hendi da hannunta.

Ke nan wanda ya ɗaura na Gugun bai ga takarda ba. A jikin wata mota ya ciro su. Amma ɗigon fentin nan ya nuna ya san suna da gefe, har ya tsaya ya yi musu alama. To mutumin da ya yi alama, ta yaya zai sake rikita su?

Ina cikin tauna wannan sai dariya ta ƙwace mini. Teh Entin ta zaci na zautu.

*

Ranar Lahadi da hantsi rana ta fito, karon farko tun Sallah. Aka jera motoci a gaban rumfa, aka jera mutane a kan benci. Pak Tisna a tsakiya, Kang Hendi da filasta a goshi, Gugun da tabarau a ka, Abah Uju yana zagayawa da awara. Mang Komar ya zo da jak ɗinsa na kada, ni na roƙe shi. Teh Entin ta tsaya a bakin ƙofa cikin rigar aikinta, ta ƙi zama.

Pak Tisna ya fara da cewa ba a taru don a ci mutuncin kowa ba, wanda a garinmu ma'anarsa an taru ne don haka. Gugun ya karɓa, ya ce rai ba abin wasa ba ne, yau Kang Hendi ne, gobe wa ya sani. Na bari ya gama, sannan na nemi izini.

Na nuna musu shaidar jak huɗu a ƙasa, da zagayen faifai, da ɗigon fenti, don na kife musu kwando tun ranar Talata. Na ce Abah Uju a Garut ya yi Sallah. Na ce Mang Komar awara ya zo nema.

"Kuma ban samu ba," in ji Mang Komar.

Sai na tambaye shi, idan ya cire kayan mota masu gefe, yaya yake musu alama?

"Ki da Ka," ya ce. "A harshenmu kiri hagu, kanan dama. Duk yaron gareji ya sha ranƙwashi a kan wannan a satinsa na farko, don in ka bar shi harafin farko kawai zai rubuta."

Wasu suka fara murmushi, ba su san inda na dosa ba. Na taka zuwa motar Gugun na dafa ta. Na ce kowa ya zo ya kwatanta tsagar faifanta da ta Pak Tisna. Suka taso suka duba, suka ga ta Gugun ta juya baya.

"Ban taɓa cire tayar motar nan ba," na ce. "Amma in an cire, za a ga farin K a faifan hagu. A zagaya dama, a ga wani farin K. In ba haka ba, babur ɗina na Gugun ne, ni kuma in bar garin."

Gugun ya ce ba wanda zai taɓa masa mota. Pak Tisna ya dube shi ya ce ai shi ya koya mana cire taya a gaban jama'a. Mang Komar bai jira ba. Ya tura jak, ya kwance notuna, ya janye tayar hagu. A tsakiyar faifan, inda wili ke rufewa, ga K fari tas, har da ɗan lanƙwasa a ƙafarsa irin na mai son kwalliya. Ya zagaya dama. Kafin ya gama janye tayar Abah Uju ya leƙa, ya ajiye farantinsa a ƙasa ya riƙe ciki.

Dariyar da aka yi a rumfar nan har gidan awara aka ji ta. Mutum ya zauna ya yi wa faifai biyu alama don kada ya rikice, ya gama ɗaure tsofaffinsa a motar wani, ya juyo ya tarar da K da K suna kallonsa. Ya yi canki-canka, ya faɗi.

Gugun ya ce daga Jakarta suka zo da rubutun.

"Da alƙalamin fentin tayarka suke rubutu a Jakarta?" in ji Kang Hendi. Shi bai yi dariya ba.

Daga nan ya sare. Ya ce aro ya yi, na bikin nuna motoci kawai. Ya riga ya cika baki da odar da bai taɓa yi ba, kuma ya yi niyyar mayarwa kafin Kang Hendi ya dawo, sai ga shi ya dawo da wuri. Ya ce tsofaffin nasa ai suna tsayar da mota, bai zaci za a sauka gangare da su ba. Pak Tisna ya tambaye shi, to da aka yi hatsarin me ya sa ya ɗora wa Entin? Ya sunkuyar da kai, tabaran ya zamo ya faɗi a laka.

Kowa ya juya wurin Teh Entin, ana jiran ta wanke shi tas. Ta tako ta tsuguna, ta shafa faifan da yatsa, ta duba takalmin.

"Faifan zai yi, bai lanƙwashe ba," ta ce. "Takalmin ka ƙona shi. Kang Hendi, a kawo motarka gobe." Ta miƙe ta dubi Gugun. "Kai ma ka kawo taka. Ba don kai ba, don mai masara."

Kang Hendi ya tashi ya tsaya a gabanta, ya haɗa tafukansa a ƙirji kamar yadda ake neman gafara ranar Sallah. Ya ce, "Teh, Sallah ta wuce, amma a yafe mini." Ta ce ta yafe, amma nan gaba ya tsaya ya ga abin da ake ɗaura masa, ko da uwarsa ce bakaniken.

Ranar Laraba ita ta tuƙa jar salun ɗin da kanta, Kang Hendi a gefenta, motocin ƙungiya a jere a baya, ni da Mang Komar a kan babur yana ta zagin tuƙina. Ta sauko gangaren gonakin shayi ba ƙauri ba ƙara. A daidai kwanar ta taka birki sau ɗaya, motar ta tsaya cak a gaban sabuwar rumfar mai masara, tazarar taku guda. Matar ta ɗaga mafici za ta gudu, sai ta ga wace ce, ta miƙo mata masara ta taga. Da muka koma, layin motoci a ƙofar garejinmu ya kai har gidan awara, kuma wanda aka ja tasa da igiyar nan shi ne a gaba.

Ni dai na gama kofin shayi a zaune ranar, Teh Entin shaida ce.

Abin da aka rasa: fitilar gaba ɗaya, bamba ɗaya, turakun rumfa biyu da buhun masara, takalmin birki saiti guda da ya ƙone, aikin sati ɗaya a garejin yayata, da ɗan ƙungiya ɗaya, wanda har yau in ya wuce yara ke tambayarsa ina ne hagu.